Yadda Na Bi Mai Neman 'Yarmu Har Gidan Giya

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi a Faransa, wasu ko an tuna mini sai na yi ta lalube kafin in gano su. Amma tafiyar kwana biyu da na yi zuwa Lyon, ni da gemuna da hulata har cikin gidan da ake dafa giya, wannan kam ko haƙorana sun zube ba za ta fita daga raina ba. Duk lokacin da na tuna ta, kafin dariya ta zo mini kunya ta riga ta isowa.

Ni ɗan kasuwa ne. Ina da ɗan shago a unguwar Barbès da ke Paris, kusa da inda jirgin metiro yake wucewa ta saman kai, ina sayar da shadda da atamfa da akwatunan tafiya. Yayana da ke Maradi ya turo 'yarsa Paris karatun haɗa magunguna, ta zauna a gidana shekara uku. Yarinya ce mai kunya da hankali, ni da matata ba mu taɓa bambanta ta da 'ya'yan da muka haifa ba. Ana nan sai wani saurayi ɗan Damagaram, injiniya a wata masana'antar abinci a Lyon, ya fito yana neman aurenta. Ita ma tana son sa. Ba ita ta gaya mini ba, ina za ta iya! Matata ce ta ce in lura da yadda abinci yake ƙonewa duk ranar da wayarta ta yi ƙara. Dangin yaron suka kai gaisuwa Maradi, aka karɓi goronsu, ya rage bincike. Yaya ya kira ni ya ce, "Kai ne idona a can. Abin da ka ce shi za a yi."

To, duk Bahaushe ya san yadda ake binciken aure. Ba a zuwa wurin mai nema a ce masa, "Malam, yaya halinka?" Maƙwabta ake tambaya, da abokai, da limamin unguwarsu, a zagaya ta bayan gida a ji abin da ake faɗa. Haka muka tashi muka ga ana yi. A gida wannan aikin yini ɗaya ne, don ko mai shayin bakin layi ya san wanda ke sallar Asuba da wanda ba ya yi. Amma a Lyon wa zan tambaya? Na kira mutum uku da na sani a can, duk suka ce yaron kirki ne. Har na fara shirin kiran Yaya in ce a sa rana.

Sai wata safiya maƙwabcina mai shagon wayoyi ya leƙo. Mutumin garinmu ne, mun daɗe tare, amma Allah ya yi masa kunne da baki. Bayan mun gaisa ya matso ya rage murya ya ce, "Alhaji, wallahi ba gulma ba ce, amma haƙƙin maƙwabtaka ya sa ba zan iya yin shiru ba." Ya miƙo mini wayarsa. Ga yaron nan tsaye a gaban wasu manyan gangunan katako da aka jera har rufi, Turawa sun kewaye shi, kowa da ɗan kofin gilashi a hannu, shi kuma yana ta washe baki, hannunsa ɗaya a baya. Maƙwabcin ya ce wani da ya san abokan aikinsa ne ya turo masa, kuma an ce ba zuwa ɗaya ba ne, kusan duk wata sai ya zaga gidajen da ake dafa giya. Ya ƙara da cewa, "Ka dubi hannun nan da ya ɓoye."

Daga wannan lokacin duk abin da na taɓa gani a wurin yaron ya dawo mini da sabuwar fuska. Na tuna ranar da ya zo gaishe ni na ji wani tsami-tsami a rigar sanyinsa, na ɗauka cunkoson metiro ne. Na tuna idonsa ya taɓa yin ja. Har cingam ɗin da yake taunawa sai da na sa shi cikin lissafi. Da na gaya wa matata ta ce, "Alhaji, ka kira shi ka tambaye shi mana." Na ce, "Ke dai ba ki san duniya ba. Wa ya taɓa tambayar ɓarawo ko shi ya yi sata? Ruwa ba ya tsami banza." Ta ce to Allah ya kyauta, ta ci gaba da abin da take yi.

Ranar Alhamis na kira yaron. Bayan doguwar gaisuwa na ce ina da ɗan uzuri a Lyon ranar Asabar, a wurinsa zan sauka. Ya ce, "Baba, marhabin da kai. Sai dai ranar akwai wata 'yar tafiya da muka shirya da abokan aiki."

"Madalla, sai mu tafi tare. Ni ma na daɗe ban sha iskar ƙauye ba."

"Baba, wurin ba zai yi maka daɗi ba. Bari in yi maka bayani..."

Na tari numfashinsa na ce, "Bar bayanin, ai gani ya kori ji. Inda ka sa ƙafa nan zan sa tawa." Na kashe waya ina jin kaina kamar wani babban alƙali.

Asabar da sassafe na hau jirgin ƙasa, na sa babbar rigar sanyina ta ulu a kan kaftani. Yaron ya tarye ni a tashar Lyon, ya durƙusa ya gaishe ni, ya karɓi jakata. Ana sanyi amma goshinsa yana naso da gumi, ni kuwa na ce a raina, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wata ƙaramar bas tana jiran mu da abokan aikinsa, maza da mata wajen su tara. Ya gabatar da ni a matsayin babansa. Suka yi ta murna, wani ƙato mai jan fuska da yawan dariya ya kama hannuna ya girgiza kamar zai cire shi. Muka bar gari muka hau duwatsu, su suna hira, ni ina jan carbi cikin aljihu, idona a kan ƙeyar yaron.

Wurin farko wata tsohuwar gona ce da aka mayar gidan dafa giya. Tun daga ƙofa warin ya mare ni, irin tsamin ƙullun koko da ya kwana uku, an haɗa shi da warin itace. Na yi a'uziyya na shiga da ƙafar hagu. Wata mata ta riƙa zagayawa da mu tana bayani: ga inda ake jiƙa hatsi, ga inda yake kumfa, ga rumbun ganguna. Ta ce gangunan daga Amurka ake kawo su, an riga an ajiye wata giyar masara da suke kira burbon a ciki, wai ita ke ba tasu ƙamshi. Ƙamshi fa ta ce! Na dubi gangunan na gane su sarai, su ne na cikin hoton. Daga nan aka kai mu wani ɗaki mai zafi inda wata ƙatuwar tukunyar jan ƙarfe take, cikinta kamar randa, wuyanta dogo ya lanƙwasa ya shige bango. Nan na ga yaron ya canza. Idonsa ya buɗe, ya ciro ɗan littafi yana rubutu, yana jefa wa matar tambayoyi ba ƙaƙƙautawa. Ya shafa cikin tukunyar nan da tafin hannu yadda mai kiwo yake shafa ragon layya.

Ana cikin haka sai wani tsoho mai farin gashin baki ya shigo, ashe shi ne mai wurin. Yana ganin yaron ya buɗe hannuwa ya ce da Faransanci, "A'a, ka sake dawowa!" Ya rungume shi yana bubbuga masa baya. Jama'a, ni fa a nan na gama shari'a. Mutumin da mai gidan giya ya san shi har da runguma, me ya rage? Na fita waje, na tsaya bayan bas, na danna wayata na yi wa Yaya saƙon murya. Har yau ina iya maimaita shi: "Yaya, na gani da idona, ba labari aka ba ni ba. Yanzu haka ina cikin gidan giyar da yake zuwa, mai wurin ma abokinsa ne. A dakatar da maganar nan, kada mu jefa yarinya a wuta." Na tura, na ji wani sanyi a raina wai na sauke amana.

Da na koma na tarar an kai su wani dogon teburi, an jera ƙananan kofuna ana zuba musu suna ɗanɗanawa. Na tsaya can nesa kusa da ƙofa. Matar ta kawo wa yaron ruwan tuffa ba tare da ya roƙa ba, ta kawo mini ni ma. Ban sha ba. Na ce a raina, lalle yaron nan gwani ne, har ya riga ya kitsa da su saboda zuwana. Ƙaton nan mai dariya ya taso wai zai yi mini bayanin bambancin ganguna, yana magana yana wurgi da hannu, sai ga abin da ke kofinsa a hannun rigata da ƙirjina. Innalillahi! Ya yi ta ba da haƙuri, na shiga banɗaki na cire rigar na goga mata ruwa iya ƙarfina, ina tsine wa ranar da na sayi tikitin jirgi.

Ina fitowa na duba, babu yaron a teburi. Na ce yawwa, ga ta nan, ya ga na juya baya ya lallaɓa ya kora tasa a ɓoye. Na bi ta rumbun ganguna a hankali ina leƙa kowane lungu, ni da na haura shekara hamsin ina sanɗa kamar mage. Ba ya nan. Sai na ji murya daga ɗakin tukunya. Na leƙa, abin da na fara gani ƙafafunsa ne kawai sun fito daga ƙarƙashin tukunyar. Yana kwance rigingine a ƙasa da abin awo a hannu, tsohon ya tsuguna yana haska masa fitila, yana karanto lambobi tsohon yana gyara masa. Da tsohon ya gan ni ya yi dariya ya ce, "Ɗanka ne? Zuwansa huɗu ke nan, bai taɓa ɗanɗana ko ɗigo ba. Kowa yana zuwa don abin da ke cikin ganga, shi tukunyata yake so ya sace da ido."

Kuna tsammani na yarda? Ina! Zato in ya kama mutum ba ya sakin sa da sauƙi. Sai ma na ce a raina, wato abin ya wuce sha, so yake ya koyi dafa ta. Mun yi sallar Azahar tare a bayan bas, ya shimfiɗa mini dardumar da ya zo da ita a jakarsa, shi ya yi a kan rigar sanyinsa, na ce duk cikin shiri ne. Da rana aka kai mu gida na biyu, can ma labarin ɗaya ne, abokansa suna teburi shi yana bayan tukunya yana auna bututu. Muka dawo gari da yamma. Sau biyu ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya ga fuskata ya haɗiye.

A Vaulx-en-Velin, wata unguwa a gefen Lyon, yake zaune, ɗaki ɗaya da ɗan kicin a hawa na biyar. Ya bar mini gadonsa ya kwana a ƙasa. Da safe bayan mun yi sallah ya fita sayo burodi, ni kuwa, Allah ya yafe mini, na shiga bincike. Na buɗe firij, madara ce da ƙwai da sauran miya. Na duba ƙarƙashin wurin wanke-wanke, na duba bayan littattafai. Can saman kabad ɗin kicin na lalubo wani kwali, ciki ƙananan kwalabe ne masu duhu guda shida, babu takarda a jikinsu sai lamba da aka rubuta da hannu, kowace da ɗan ruwa mai launin zuma. Ban ko buɗe ba don kada in ƙara wa kaina najasa. Na ɗauki ɗaya na dangwarar a tsakiyar teburi, na zauna na harɗe hannuwa.

Ya shigo da burodi ya ga kwalba ya ga ni. Na ce, "Mene ne wannan?" Ku lura, tun da aka fara maganar nan, wannan ce tambaya ta farko da na yi masa.

Ya ajiye burodin, ya buɗe murfin, ya ɗiga ɗigo ɗaya a bayan hannunsa ya miƙo mini. Na kawar da kai. Ya ce, "Baba, don Allah ka shinshina." Ban kai ga matsowa ba ƙamshin ya riga ya iso ni. Kajiji ne. Kajijin nan dai da iyayenmu mata suke dakawa su haɗa turaren wuta, amma ban taɓa jin sa da ƙarfi haka ba. Nan take na ga ɗakin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da kaskon turarenta a ƙarƙashin gado. Na yi shekaru ban ji wannan ƙamshin ba, sai da idona ya kawo ruwa.

Ya ce in biyo shi. Muka sauka ƙasa inda mazauna gidan suke da ƙananan garejoji, ya ɗaga ƙofar nasa. Ga wata 'yar tukunyar jan ƙarfe da ba ta wuce tulu ba, da lanƙwasasshen wuyanta, sak irin ta tsohon nan, duk jikinta tabon guduma da walda. Ga buhun kajiji a gefe. Ya kunna gas, ya fara yi mini bayani. Mahaifiyarsa sana'arta ke nan a Damagaram, humra da turaren wuta, da ita ta yi masa karatu bayan rasuwar mahaifinsa. Man turaren da take saye daga waje ake kawo shi, mai tsada, kuma sau da yawa gauraye ne, mata su dawo mata da kaya suna ƙorafi. Alhali ga kajiji a fadamunmu. In aka dafa shi a irin wannan tukunya, tururin ya bi bututu ya huce, sai mansa ya taso saman ruwa a kwashe. Ya ce, "Tukunyar da ke fitar da giya ita ce ke fitar da man turare, Baba, abin da aka zuba ciki ne ya bambanta. Masu turare na nan ba sa bari baƙo ya matsa kusa da tasu. Ta masu giya kuwa in ka bi masu yawon buɗe ido har ƙarƙashinta za ka shiga. Sau biyar ina ƙera wuyan nan yana yoyo, sai da tsohon can ya nuna mini kuskurena. So nake in ƙera babba in kai wa Inna."

Na tsaya ina kallon ruwan yana ɗiga a kwalba ɗis, ɗis. Na ce masa duk da haka shiga irin wuraren nan bai dace da ɗan musulmi ba, kuma har gobe ina kan wannan. Ya ce gaskiya ne, shi ma ba da daɗin rai yake shiga ba, kuma jiya ya gama awon da yake nema. Na ce, "To me ya hana ka faɗa tun farko?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba wanda ya tambaye ni, Baba. Ranar Alhamis na so in faɗa, ka ce in bar bayanin."

Sai a lokacin saƙon jiya ya faɗo mini. Na zaro waya. Yaya ya saurara tun jiya, har ya maido amsa ban duba ba. Ban kai ga buɗewa ba wayar yaron ta yi ƙara. Ya ce kawunsa ne daga gida, ya ɗauka da fara'a yana gaisuwa. Ina kallo fara'ar ta bar fuskarsa. Ba abin da yake cewa sai "Na'am, Kawu. To, Kawu." Ashe tun jiya bayan La'asar Yaya ya aika aka mayar musu da goronsu da kayan gaisuwa, kuma ɗan aiken bai ɓoye dalili ba. Labari ya riga ya isa kunnen mahaifiyarsa cewa ɗanta mashayi ne a Turai.

Ya kashe waya ya dube ni sau ɗaya. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya kashe gas, ya rufe gareji, ya hau sama ya haɗa mini shayi. Ya raka ni tasha yana ɗauke da jakata, ya durƙusa ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Baba. A gaida Hajiya."

Tun a cikin jirgi na kira Yaya, na tsaya tsakanin taragu ina ta zuba bayani. Ya bar ni na gama sannan ya ce, "Jiya ka ce ka gani da idonka. Yau ma ka ce ka gani da idonka. To wane idon zan ɗauka, na jiya ko na yau? Goro ya riga ya koma, kuma ni ba yaro ba ne da zan aika a ce a dawo da shi." Ya kashe. Magana zarar bunu ce, ni na zare ta da hannuna.

Da na isa gida yarinyar ta riga ta ji. Idonta ya kumbura amma ta durƙusa ta yi mini sannu da zuwa, ta kawo abinci kamar kullum. Da za ta tashi ta tsaya, kanta a ƙasa, ta ce, "Baba, ni ma ba ka tambaye ni ba. Na san da tukunyar tun bara. Ni nake gaya masa yadda zai raba man da ruwa." Ta fita. Matata ba ta ce "na gaya maka" ba, ta dai ɗauke kwanon da ban taɓa ba.

Litinin da safe na fita shago kaina a ɗaure, na zari rigar ulun nan na sa ba tare da na tuna abin da ya same ta ba. Ina buɗe ƙofa maƙwabcina mai wayoyi ya taso da sauri don ya ji labari. Ya kama hannuna ya matso kamar yadda ya saba, sai na ga hancinsa ya motsa. Ya ɗan ja baya. Ya dubi ƙirjin rigata, ya dubi idanuna da suka yi ja don rashin barci, ya saki hannuna a hankali. Ya ce, "To, Alhaji, bari in je, na bar mutane a shago." Babu kowa a shagonsa, ina gani.

Na san wannan kallon, don ni na yi kwana biyu ina yi wa wani irin sa. Na kuma san ba zai tambaye ni ba, zagayawa zai yi ta bayan gida, kafin Azahar rabin Barbès sun ji. Na bi shi har cikin shagonsa na riƙe masa hannu na ce, "Malam, don girman Allah ka tambaye ni! Tambaye ni me ya sami rigata!" Ya ce, "Haba Alhaji, ni na ce wani abu?" Na zaunar da shi dole na ba shi labari tun daga farko. Yana ta gyaɗa kai yana cewa "Allah sarki," amma har yau ban tabbata ya yarda ba, don an fi wata ana ja mini baya kaɗan a sahun sallah.

Gyaran abin da na ɓata cikin minti ɗaya sai da ya ci wata takwas. Na rufe shago na tafi gida da kaina. Na zauna gaban Yaya na ce laifina ne, ya yi mini faɗan da rabona da irin sa tun ina yaro. Daga nan na wuce Damagaram na durƙusa a gaban kawun yaron, mutumin da na girme shi, na ce ni na yi wa ɗansu ƙazafi, in ana so in faɗa a masallacin unguwa zan faɗa. Kuma na faɗa, bayan sallar La'asar, a gaban mutane. Mahaifiyarsa ba ta fito ta gan ni ba, daga bayan labule ta amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba. Da ƙyar da siɗin goshi aka sake karɓar goro.

An ɗaura auren, alhamdu lillahi, yanzu har da 'ya'ya biyu. Tukunyar ma ta isa Damagaram tana aiki. Bayan biki mahaifiyarsa ta aiko wa matan danginmu humra, kowa da kwalbarta. Cikin kayan akwai wata 'yar ƙaramar kwalba mai duhu ta man kajiji zalla, matata ta miƙo mini tana danne dariya. Ta ce saƙo ne na musamman, an ce, "A ba Alhaji, mun ji labari hancinsa yana da kyau."

Kwalbar tana cikin aljihun teburina a shago, ban taɓa shafawa ba. Tun daga lokacin an sa ni binciken aure sau uku, kuma ina zagayawa ta bayan gida kamar yadda aka saba, ban ce a daina ba. Amma duk abin da na ji, duk abin da na gani, ko da idona ne, ba na kai shi gaba sai na zaunar da mai abin na ce, "Ga abin da na gani, mene ne?" Kunyar tambayar ba ta wuce ta minti ɗaya. Wadda na sha don na ƙi tambaya kuwa, ga shi shekaru sun wuce ban gama shan ta ba.